Yaushe Zane Yake Kammaluwa? Masu Zanen Karkarar Faransa daga Corot zuwa Monet

 

A shekarar 1826 wani Bafaranshe mai shekara talatin, Camille Corot, ɗan gidan masu sayar da yadi da hulunan mata a Paris, ya hau wani tudu a garin Narni na ƙasar Italiya. A ƙarƙashinsa kogin Nera ne, da kufan wata gada da Rumawa suka gina tun zamanin sarki Augustus. Ya ɗauko 'yar takarda mai faɗin santimita 48 da tsayin 34, ya zana abin da ke gabansa da fentin mai. Wanda duk ya tsaya gaban wannan takarda a gidan tarihi na Louvre zai ga gaggawar hannun mai ita. Gangaren da ke gaba shafe-shafe ne kawai na kore da ruwan ƙasa, ba a bambance ciyawa da dutse, amma hasken da ya bugi ƙafafun gadar da shuɗin duwatsun nesa sun zauna daram.

Da ya koma ɗakin aikinsa a Roma, sai ya sake zana wurin a kan ƙyalle mai ninki biyu na girman takardar, don baje kolin gwamnati na 1827. A wannan karon gangaren ya zama fili shimfiɗaɗɗe mai hanya, an dasa dogayen itatuwa masu kai kamar laima inda babu su, an zaunar da makiyaya da dabbobinsu. Wannan na biyun yana birnin Ottawa na Kanada a yanzu.

Corot bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ya yi. A idon malamansa takardar farko gwaji ce, abin ajiyewa a akwati, na biyun shi ne zane. A yau kuwa da wuya a sami manazarcin da zai fifita na Ottawa a kan na Louvre. Tsakanin wancan hukunci da wannan an yi rigimar da ta ci kusan shekara hamsin, ta jawo alƙalai da 'yan jarida da dillalai da masu haɗa sinadarai, har da kamfanonin jirgin ƙasa. Abin da ake ja a kansa ɗaya ne: yaushe mai zane zai ajiye buroshi ya ce aiki ya kammala?

Tun 1648 Faransa take da makarantar sarauta ta masu zane da sassaƙa, kuma a 1667 wani marubuci mai suna André Félibien ya jera wa sana'ar darajojinta. Can sama akwai zanen tarihi, wato labaran Baibul da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa da yaƙe-yaƙen sarakuna. Zanen daji da kogi da gona yana can kusa da ƙasa, bai ɗara zanen kwanon 'ya'yan itace da komai ba sai taki ɗaya. Hujjarsu ita ce mutum ya fi itace daraja, saboda haka mai zana mutum ya fi mai zana itace.

Kasuwar kuwa ƙofa ɗaya gare ta, baje kolin da ake kira Salon, wanda ya samo sunansa daga wani zaure a fadar Louvre. A nan gwamnati take saye, a nan attajirai suke gani, a nan 'yan jarida suke ɗaga mutum ko su binne shi. Alƙalai ne ke tace abin da zai shiga, kuma akwai lokacin da ake buga harafin R a bayan katakon duk zanen da aka ƙi, ta yadda ko mai saye ya juya shi zai ga tabon. Abin da alƙalan ke nufi da kammalallen aiki shi ne fuska sumul, wadda ba a ganin sawun buroshi a kanta, kowane ganye an bi shi, an shafe da man ƙyalli.

Fita waje a yi zane ba sabon abu ba ne, makarantar da kanta ta koyar da shi. Pierre-Henri de Valenciennes ya buga littafi a 1800 yana umartar ɗalibai su fita su zana abin da suka gani, kada su wuce awa biyu a kan gwaji ɗaya, in kuwa fitowar rana ce ko faɗuwarta, rabin awa ya isa, domin haske ba ya jiran kowa. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ba na bango ba ne, tanadi ne da za a koma ɗaki a harhaɗa babban aiki da shi. Ko da aka ƙirƙiro gasar zanen shimfiɗar ƙasa a 1816, sai da aka gindaya cewa dole a saka labarin mutanen da a ciki. Wanda ya fara cinye ta a 1817, Achille-Etna Michallon, shi ne malamin Corot na farko. Girgiza ta farko daga Ingila ta zo. A Salon na 1824 John Constable ya nuna zanen wani amalanken dawaki a cikin rafi, ba jarumi ba gunki, sai gajimare da ruwa da koren ganye mai ɗigo-ɗigon fari. Sarkin Faransa Charles na Goma ya ba shi lambar zinariya, samarin masu zane kuma suka koma gida da tunani.

Kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Paris akwai dajin Fontainebleau, tsohon wurin farautar sarakuna, mai manyan duwatsu da rairayi da itatuwan da suka shekara ɗaruruwa. A bakinsa akwai ƙauyen Barbizon, wanda a lokacin layi ɗaya ne na gidajen manoma da masu saran itace. Wani mai kanti, François Ganne, da matarsa suka buɗe masauki mai araha, masu zane suka mayar da shi sansani. Da sassafe su saɓa akwatin fenti da laima da guzuri su shiga daji, da magariba su dawo su baje abin da suka yi, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ranar da ruwan sama ya hana fita, bangon ɗakunan da ƙyamaren kabad suke zanawa. Gidan yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi.

Jigon wannan taro Théodore Rousseau ne. Daga 1836 alƙalan Salon suka riƙa mayar masa da aikinsa shekara bayan shekara har 1841, shi kuma ya yi fushi ya daina aikawa, ba a sake ganinsa a can ba sai 1849. Mutumin nan yana zana itace ne yadda wasu ke zana sarki: ya san karkacewar kowane reshe, ya san inda tsawa ta taɓa faɗawa. Amma duk wanda ya ɗauka Rousseau mai saurin hannu ne bai san shi ba. Yakan riƙe zane ɗaya shekaru yana shafawa yana sakewa a ɗaki, kuma wani fenti mai ruwan kwalta da yake so ya cuce shi, don ya yi ta baƙi yana tsattsagewa har wasu ayyukansa suka lalace.

Ƙaunar dajin ta kai shi ga abin da ba a saba gani ga mai zane ba. Da ya ga ma'aikatan gandun daji suna sare tsofaffin itatuwa suna dasa na katako masu saurin girma, masu fasa dutse kuma suna kwashe duwatsun don shimfiɗa titunan Paris, sai ya kai kuka ga Napoleon na Uku a 1852. A 1861 doka ta fito ta keɓe hekta 1,097 da ba za a sara ba saboda kyansu kawai. Shekara goma sha ɗaya ke nan kafin Amurka ta kafa gandun Yellowstone.

A 1849, shekarar da layin dogo ya iso yankin, Jean-François Millet ya gudo daga annobar kwalara a Paris ya tare a Barbizon da iyalinsa. Shi ɗan manoma ne daga Normandi, kuma daji bai dame shi kamar fili ba. A 1857 ya nuna zanen mata uku masu kala, sun sunkuya suna tsintar zangarniyar da masu girbi suka bari, can bayansu ga tsibin alkamar mai gona da wakilinsa a kan doki. Masu hannu da shuni na Paris, waɗanda juyin juya halin 1848 bai gama fita daga ransu ba, suka ga barazana a cikin bayan matan nan uku da ya lanƙwashe.

Wanda ya ba wannan tafarki suna da amo shi ne Gustave Courbet, ɗan garin Ornans kusa da iyakar Suwizalan, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki. Ya zana jana'izar ƙauyensu a ƙyalle mai faɗin fiye da mita shida, girman da ake keɓe wa naɗin sarauta, ya cika shi da maƙwabtansa. Da aka ƙi wasu manyan ayyukansa a bikin baje kolin duniya na 1855, ya gina rumfarsa da kuɗinsa a kusa da wurin, ya rubuta mata riyalizim, wato zanen zahiri. Aƙidarsa ita ce mai zane ba shi da hurumin zana abin da ido bai gani ba, ana ma ruwaito cewa ya ce a kawo masa mala'ika in ana so ya zana shi. Kaso mai tsoka na aikinsa duwatsu ne da koguna da teku. A 1864 ya yi ta zana kogon da kogin Loue ke ɓuɓɓugowa daga ciki. Yakan fara da shafe ƙyallen da duhu, sannan ya ɗebo fenti da wuƙar cuɗawa ya yaɓa, ya kankare, ya sake yaɓawa, har dutsen ya yi kaushin da mutum zai so ya taɓa. Da wannan wuƙa ya karya dokar fuska sumul. Amma a dubi babban zanensa na 1855 da ya nuna ɗakin aikinsa: ga shi zaune a tsakiya yana zana kwarin garinsu, a cikin ɗaki a Paris, ba ko taga da ke kallon kwarin.

Ke nan 'yan zahiri sun ci rabin yaƙin. Sun kori jarumai da gumaka daga cikin daji, sun tabbatar da cewa itacen Faransa da manomin Faransa sun isa a zana su. Abin da suke bi shi ne abu mai ɗorewa, dutse da kututture da ƙasa. Rabin da ya rage shi ne abin da ba ya ɗorewa, kuma wannan yana buƙatar kayan aiki.

Kafin 1841 fentin mai a cikin mafitsarar alade ake ɗaure shi. A huda da ƙusa, a matso, sauran ya bushe ko ya fashe a cikin jaka. A wannan shekara wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar bututun kuza mai laushi da ake matsawa a sake rufewa. Masu haɗa sinadarai kuma suna ta fito da launukan da kakanni ba su sani ba: shuɗin kobal a 1802, shuɗi mai zurfi na masana'anta a ƙarshen shekarun 1820 wanda ya maye gurbin na dutse mai tsadar zinariya, sabon kore mai sanyi da shunayya a 1859. A 1839 Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar gwamnati ta Gobelins, ya buga bincikensa. An kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensa ba ya yin baƙi sosai, ya bincika ya tarar rinin lafiya lau yake, launin da ke maƙwabtaka da shi ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. Shuɗi kusa da ruwan lemo, kowannensu ƙara ƙarfi yake yi.

Sai dai a yi hattara da masu cewa bututun fenti ne ya haifi sabon zane. 'Yan Barbizon sun yi shekara ashirin da bututun a aljihu ba su fasa komawa ɗaki ba. Haka batun hoto: an bayyana fasahar Daguerre a 1839, Gustave Le Gray yana ɗaukar hotunan itatuwan Fontainebleau a shekarun 1850, amma hoton wancan zamani ba shi da launi, da wuya kuma ya kama abin da ke motsi. Jirgin ƙasa ya fi su tasiri a fili, don ya isa Rouen a 1843, Le Havre a 1847, ya sa bakin teku da bakin kogi suka zama wurin yini.

Mutumin da ya fi cancanta a kira shi gadar tsakanin ɓangarorin biyu, kuma wanda aka fi mantawa da shi, Charles-François Daubigny ne. A 1857 ya sayi tsohon jirgin fito, ya gina masa 'yar rumfa, ya sa masa suna Botin, ya riƙa yawo a kogunan Oise da Seine da ɗansa Karl yana taya shi tuƙi. Daga cikin jirgi ruwa ne ke cin rabin zane, ruwa kuwa ba ya tsayawa a ƙirga masa ganye. Hannun Daubigny ya yi sauri, ya yi faɗi, kuma ya kai irin wannan aiki Salon bai goge shi ba. A 1861 mai sharhi Théophile Gautier ya yi takaicin cewa mutum mai irin wannan baiwa ya wadatu da abin da ido ya fara kamawa, ya bar ayyukansa a matsayin gwaji. Kalmar da ya yi amfani da ita, impression, ita ce za a jefi Monet da ita bayan shekara goma sha uku.

A Le Havre kuma akwai Eugène Boudin, ɗan matuƙin jirgin ruwa, wanda ya taɓa riƙe kantin takardu da firam. Sararin sama ne abin sonsa, har yakan rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ke kaɗawa a gefen gwajinsa, abin da ya burge mawaƙi Baudelaire a 1859. Boudin ya ga zanen barkwanci na wani yaro mai taurin kai da ake sayarwa a garin, ya nace masa har ya bi shi bayan gari wajen 1858. Yaron shi ne Claude Monet. A 1861 ƙuri'ar aikin soja ta faɗa wa Monet, aka tura shi Aljeriya cikin rundunar dawaki, ciwo ya dawo da shi bayan shekara guda. Da ya tsufa ya faɗa cewa haske da launukan da ya gani a arewacin Afirka su ne irin da bincikensa na baya ya tsiro daga gare shi. Da ya dawo ya haɗu da Johan Jongkind, mutumin Holan, wanda Monet ya ce shi ya ƙarasa tarbiyyar idonsa.

A 1862 Monet ya shiga ajin Charles Gleyre a Paris, ya tarar da Auguste Renoir da Alfred Sisley da Frédéric Bazille. Ina suka nufa da suka gaji da aji? Fontainebleau, ƙauyen Chailly, maƙwabcin Barbizon. Renoir ya ba da labarin yadda tsoho Narcisse Diaz, mai ƙafar katako, ya same shi a dajin, ya dubi aikinsa ya tambaye shi dalilin wannan baƙi haka, sannan ya buɗe masa bashi a kantin fenti. Camille Pissarro, haifaffen tsibirin Saint Thomas a yankin Karebiyan, yana rubuta kansa ɗalibin Corot a littafin Salon. Berthe Morisot ma a hannun Corot ta yi karatu. Ranar ɗaurin auren Monet a 1870, Courbet yana cikin shaidu.

Monet ya so ya yi abin da magabatansa ba su yi ba, ya gama babban zane na Salon a waje. A 1866 ya kafa ƙyalle mai tsayin mita biyu da rabi a lambun gidan da yake haya a Ville-d'Avray, ya haƙa rami, ya sa igiya da ƙugiya yana sauke ƙyallen a ciki don ya kai ga samansa ba tare da ya sauya inda yake tsaye ba. Mata huɗu ne cikin fararen riguna, inuwar ganye tana zuba a kansu. Alƙalan 1867 suka yi fatali da shi. Bazille, wanda gidansu ke da hali, ya saye shi faran 2,500, yana biyan hamsin hamsin a wata don abokinsa ya sami na abinci. A 1921 gwamnatin Faransa ta sayi wannan zane daga hannun Monet faran 200,000.

Wanda ya fi nuna inda aka dosa shi ne na hunturun 1868 zuwa 1869, kusa da Étretat. Dusar ƙanƙara ta rufe gona da shinge da rufin gida. A kan wani ƙyauren kara-kara ga tsuntsu ɗaya, baƙi da fari, dangin hankaka. Rana tana bayan shingen, ta jefo inuwarsa gaba, kuma inuwar shuɗiya ce mai ratsin shunayya. A makaranta an koyar cewa inuwa ana yin ta ne da ƙara baƙi ko ruwan ƙasa. Monet ya tsaya cikin sanyi ya ga cewa wurin da rana ba ta kai ba sararin sama ne ke haska shi, don haka launin sama yake ɗauka. Farin ma ba fari ɗaya ba ne, akwai mai ruwan ɗorawa, akwai mai ja-ja, akwai mai toka. Tsuntsun uzuri ne kawai, abin da aka zana shi ne hasken wata sa'a guda. Salon na 1869 ya ƙi shi.

A bazarar wannan shekara Monet da Renoir, dukansu ba ko sisi, suka kafa kayansu kafaɗa da kafaɗa a La Grenouillère, wani wurin wanka da shaƙatawa a kogin Seine inda ma'aikatan Paris ke zuwa ranar Lahadi. Ruwan da suka zana gajerun shafe ne a jere, shuɗi, fari, kore, ruwan ƙasa, ba a gauraya su ba, mutanen kuwa ɗigo biyu ko uku kowannensu. Abin lura shi ne wasiƙar da Monet ya aika wa Bazille a watan Satumba, inda ya kira su munanan gwaje-gwaje na wani babban zane da yake mafarkin yi. Shi kansa bai riga ya yarda cewa aikin ya kammala ba. Waɗannan munanan gwaje-gwaje suna rataye yau a manyan gidajen tarihi na New York da Landan, na Renoir kuma a Stockholm.

Yaƙin Faransa da Furushiya na 1870 ya tarwatsa su. An kashe Bazille a fagen daga ranar 28 ga Nuwamba, saura kwanaki ya cika shekara 29. Sojojin Furushiya suka mamaye gidan Pissarro a Louveciennes, daga cikin ayyuka kimanin 1,500 da ya bari, kusan 40 ne suka tsira. Monet da Pissarro suka yi gudun hijira zuwa Landan. A can Daubigny, wanda ya riga ya ajiye kujerarsa ta alƙalanci a Salon saboda an ƙi Monet, ya kama hannun saurayin ya kai shi wurin dillali Paul Durand-Ruel, mutumin da ya yi suna da sayar da ayyukan 'yan Barbizon. Daga ranar aka sami ƙofa ta biyu a kasuwa. Da Monet ya dawo ya zauna a Argenteuil, sai ya samo jirgin ruwa mai rumfa irin na Daubigny.

Ranar 15 ga Afrilu 1874 masu zane kimanin talatin suka buɗe baje kolin kansu a lamba 35, titin Capucines, a tsohon ɗakin ɗaukar hoto na Nadar. Ba alƙali, ba lambar yabo, kuɗin shiga faran ɗaya. Cikin wata guda mutum kusan 3,500 suka leƙa, alhali Salon yana tara ɗaruruwan dubbai. Boudin ya shiga cikinsu. Corot da Daubigny ba su shiga ba, Courbet kuwa yana gudun hijira a Suwizalan saboda rawar da ya taka a boren Paris na 1871.

Cikin ayyukan Monet akwai wani ƙarami, santimita 48 da 63, na tashar jiragen ruwan Le Havre da asuba, wanda ya zana a 1872 ta tagar wani otal. Komai a cikinsa toka-toka ne mai shuɗi: turakun jirage, ƙugiyoyin ɗaga kaya, bututun hayaƙi, duk sun narke cikin hazo. Kwale-kwale biyu ko uku, kowanne shafa ɗaya ce ta duhu. Rana kuwa ƙwallo ce ruwan lemo da ido zai iya kallo kai tsaye, irin yadda take fitowa a Kano ko Zinder ranar da hazon hunturu ya yi kauri. Masana ilimin gani sun lura da wani abu da kowa zai iya gwadawa a wayarsa: in aka mayar da hoton zanen baƙi da fari, ranar kusan ɓacewa take yi, domin ba ta fi sararin da ke kewaye da ita haske ba. Launi kaɗai ke sa ta ƙuna, abin da Chevreul ya faɗa game da shuɗi da ruwan lemo. Monet ya sa masa suna Impression, soleil levant, wato abin da ido ya fara kamawa da fitowar rana.

Louis Leroy na jaridar barkwanci Le Charivari ya yi masa ca ranar 25 ga Afrilu, ya ce takardar manna wa bango da ba a gama bugawa ba ta fi wannan kammaluwa, ya kuma laƙaba wa taron sunan Imfireshanis. A cikin wannan sharhi akwai wurin da ba a cika ambata ba, inda aka ɗora alhakin ɓarnar duka a wuyan Corot. Mai zagin ya gane dangantakar sarai. Bayan kwana huɗu Jules Castagnary, tsohon mai kare Courbet, ya yi bayanin da ya fi kowanne daidai, cewa waɗannan mutane abin da wuri ya haifar a idon mai kallo suke zanawa, ba wurin kansa ba.

An sami riba, an kuma yi asara. 'Yan Barbizon sun je daji ne don su guje wa zamani, jirgin ƙasan da ya kai su ba ya fitowa a zanensu. Monet ya saka gadar ƙarfe da hayaƙin masana'anta, a 1877 ma ya shiga tashar Saint-Lazare ya yi zane goma sha biyu na tururi da rufin gilashi. Ta wannan fuska samarin sun fi iyayen gidansu riƙo da zahiri. Amma bayan da ya lanƙwashe a gonar Millet ya ɓace. Karkarar Monet da Renoir ta masu hutun Lahadi ce, ta laima da kwale-kwalen haya, kuma ba mamaki attajirai suka ƙare da sonta, tunda ba ta tuhumar kowa. Pissarro ne kaɗai ya riƙe manomi da kabejinsa da damin itacensa, shi ne kuma kaɗai ya halarci duka baje koli takwas da suka yi daga 1874 zuwa 1886.

Maganar cewa komai a waje ake gama shi a zama ɗaya ita ma tana buƙatar gyara. Binciken fentin Monet ya nuna sabon shafi a kan busasshe, wani a kan wani, kuma jerin zanen majami'ar Rouen da na kogin Landan a ɗakinsa na Giverny ya ƙarasa su. Ɗaki bai mutu ba. Abin da ya sauya shi ne aikin da ake yi a cikinsa: Corot ya koma ɗaki don ya ɓoye gaggawar Narni, Monet yana komawa don ya ƙara fito da ita.

Kasuwa ba ta yi saurin yarda ba. Millet ya rasu a Janairun 1875, Corot a Fabrairu, kuma kafin Corot ya cika sai da ya ba matar Millet faran 10,000. A watan Maris na shekarar samarin suka yi gwanjo a Hôtel Drouot, aka yi ta ihu har sai da aka kira 'yan sanda. Zanen asubar Le Havre da Ernest Hoschedé ya saya faran 800 ya koma faran 210 a gwanjon 1878. Sai da Durand-Ruel ya kwashi ayyuka kusan 300 ya kai New York a 1886 kafin ruwa ya fara gudu, kuma ba kowa ya kai ga sha ba. Alfred Sisley, wanda yaƙin 1870 ya karya kasuwancin mahaifinsa, ya zana ambaliyar Port-Marly a 1876, kantin mai sayar da giya tsaye cikin ruwa, sama ta cinye fiye da rabin ƙyallen. Daga 1880 ya koma yankin Moret-sur-Loing, a ɗaya bakin dajin Fontainebleau, ya rasu a can cikin talauci ranar 29 ga Janairu 1899. A watan Maris na 1900 aka yi gwanjon zanen ambaliyar, wanda shi faran 180 ya karɓa a kansa, attajiri Isaac de Camondo ya saye shi faran 43,000.